Wa Ya Hana Ɗan Zongo Nazarin Hannun Jari?



Wata magana aka yi a gabana wadda har yau ba ta bar ni na sake ba. Ranar wata Juma'a ce, an sauko daga masallaci a nan Cadjèhoun, muna zaune ƙofar gidan wani dattijonmu ana shan shayi, sai ga ɗan yayata ya zo gaishe mu. Yaro ne mai natsuwa, ya gama karatun lissafin kuɗi a nan Kwatano, yana ta fafutukar neman aiki. Bayan an gaisa dattijon ya ce masa, "To ɗana, yanzu me ka sa a gaba?" Yaro ya ce, "Baba Alhaji, so nake in zama mai nazarin hannayen jari." Wuri ya yi tsit. Can sai wani ya ce, "Wato caca ke nan, an dai sa mata kwat da lakataye." Aka bushe da dariya. Wani kuma ya ce, "Kai yaro, wannan aikin 'ya'yan ministoci ne. Zo in haɗa ka da mai kai motoci Malanville, ka fara taɓa kuɗi da hannunka." Yaro ya sunkuyar da kai, ya yi mana sallama ya tafi.

Ni ma ina wurin, kuma ban ce uffan ba. Kunyar manya ta kama ni. Wannan shirun nawa shi nake so in rama yau, domin na tabbata mu aka yi wa dariya a wannan majalisa, mu mutanen Zongo, ba yaron ba.

Bari mu fara da sanin abin da ake gardama a kansa, don rashin sani ya fi dare duhu. Kamfani idan yana son jari mai yawa yakan yanka mallakarsa gunduwa-gunduwa ya sayar wa jama'a. Kowace gunduwa ita ce hannun jari. Wanda ya saya ya zama abokin tarayya: in an ci riba a ba shi rabonsa, in an faɗi a faɗi da shi. Shi kuwa mai nazari, aikinsa ya zauna da lissafin kamfanin na shekaru, ya duba abin da ya shigo da abin da ya fita, bashin da ke kansa da wanda yake bi, abokan gasarsa, dokar gwamnati da ta shafe shi, sannan ya rubuta ra'ayinsa a fili: wannan kamfani darajarsa kaza ce, farashin da ake sayar da shi yau ya yi tsada ko ya yi araha, a saya, a riƙe, ko a sayar. Ya sa hannu, ya jira lokaci ya gaskata shi ko ya ƙaryata shi.

Ga misali mai sauƙi. A ce hannun jarin wani kamfani sefa 10,000 ne, kuma kowane hannu yana samar da ribar sefa 1,000 a shekara. Wani kamfanin kuma nasa sefa 2,000 ne, amma ribar kowane hannu sefa 50 ce. Mai ganin farashi kawai zai ce na biyun ya fi araha. Mai lissafi zai ce na farko ribar shekara 10 za ta biya kuɗinsa, na biyu sai shekara 40, saboda haka mai arahar shi ne mai tsada. Daga nan ake fara tambayoyin gaske: ribar nan za ta ɗore? Daga ciniki ta fito ko daga sayar da wani fili sau ɗaya? Tsabar kuɗi ce ta shigo ko bashi ne aka rubuta a takarda?

To jama'a, wane ɗan Zongo ne bai san waɗannan tambayoyi ba? Ku je inda ake sayar da raguna ana gobe Layya ku kalli dillali. Zai buɗe bakin rago ya duba haƙora, ya dafa gadon baya, ya taɓa gindin wutsiya, ya gane ko kiwo ne ko ruwa da gishiri aka ɗura masa. Ba ya sauraron rantsuwar mai rago. Abin da mai nazarin hannun jari yake yi wa kamfani ke nan, sai dai haƙoran da yake dubawa lambobi ne.

Kakanninmu da suka kafa zangon nan ba da ƙarfin damtse kaɗai suka yi fatauci ba. Ayarin goro da ke tasowa daga Kano ya ratsa Borgu ya isa Salaga a ƙasar Gwanja, madugu ne ke lissafin hanya, kuɗin fito, farashin jaki da na kanwa, da abin da goro zai kai kafin a komo. Mai masauki shi ne ya san wanda za a ba bashi da wanda ba za a ba ba. Wani Bature masanin zamantakewa, Abner Cohen, ya zauna a Sabo ta Ibadan ya fitar da littafi a 1969 kan yadda Hausawa suka riƙe cinikin shanu da goro, kuma abin da ya gano shi ne ƙarfinsu yana cikin labari da amana: sanin wane mahauci ne zai biya, wane ne ya kusa karyewa. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, da goron Gwanja ya fara kafin ya koma gyaɗa, kuma ya koma ne saboda ya karanci inda kasuwa ta dosa bayan jirgin ƙasa ya iso Kano. Yau tattaɓa-kunnensa Aliko Ɗangote yana da kamfanin siminti da ke kasuwar hannayen jari ta Legas tun 2010. Shi jikan gidan fatake ya kai kayansa kasuwar, mu kuwa muna zaune muna ce wa 'ya'yanmu kada su koyi karanta lissafinsa.

Yanzu mu zo ga maganar caca, don ita ce babbar sandar da ake dukan yaranmu da ita. Caca ita ce ka sa kuɗi a kan abin da ba ya haifar da komai, abin da ka samu shi ne abin da wani ya rasa. Kamfanin Sonatel na Senegal kuwa waya yake sayarwa da intanet. Palmci na Kwaddibuwa manja yake yi. SAPH roba yake nomawa, Sucrivoire sukari, CIE wutar lantarki. Wanda ya mallaki gunduwar ɗayansu ya mallaki rabo a cikin gona ko injin da ke aiki. Malamanmu na Malikiyya sun san wannan tun tuni da sunan ƙiradi da tarayya, akwai babi guda a kan ƙiradi cikin Muwaɗɗa. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda a 1992 ta yanke cewa asali ya halatta a sayi hannun jarin kamfanin da sana'arsa halal ce. Hukumar AAOIFI da ke Bahrain ta zo da ma'auni: bashin ruwa kada ya wuce kashi 30 cikin 100 na darajar kamfanin a kasuwa, kuɗin shiga mai gurɓata kada ya wuce kashi 5 cikin 100, kuma a fitar da shi a tsarkake dukiya. Kasuwar Legas tana da jerin kamfanonin da suka dace da shari'a tun 2012, tare da kamfanin Lotus.

Ba zan ɓoye inda masu suka suke da gaskiya ba. Kasuwarmu ta yankin sefa, wato BRVM da ke Abijan, wadda ta fara aiki ranar 16 ga Satumba 1998 domin ƙasashe takwas, har da Benin da Nijar, kamfanonin da ke cikinta ba su kai 50 ba, kuma bankuna masu ruwa sun cika ta. Akwai Solibra mai giya, akwai Sitab mai taba. Daga nan Benin akwai BOA Bénin da BIIC, duka bankuna, sai kuma kamfanin caca na ƙasa, LNB, wanda ya shiga a ƙarshen 2024. Daga Nijar BOA Niger ne. Wanda ya ce a cikin wannan kwando akwai abin da Musulmi zai ƙyamata, bai yi ƙarya ba.

Amma ku dubi inda maganar ta kai mu. In kwando ya haɗa mai kyau da ruɓaɓɓe, wa ake bukata? Mai tsincewa. Wa zai buɗe lissafin kamfani ya auna bashin ruwansa da darajarsa, ya ce wa Alhaji wannan ya tsallake ma'auni, wancan bai tsallake ba? Liman ba zai iya ba in bai karanci lissafi ba, akanta ba zai iya ba in bai san fiƙihu ba. Yaron da ya yi allo da safe ya yi boko da rana shi ne zai iya, kuma shi ne muka kora da dariya. Senegal ta fitar da sukuk na sefa biliyan 100 a 2014, Kwaddibuwa ta bi a 2015, Togo a 2016, Nijeriya ta fitar da nata na naira biliyan 100 a 2017. An yi duk wannan ne da sunan kuɗin Musulunci, a yankin da muke zaune. Mutum nawa daga zangonmu suka karanta takardun, balle su ba da shawara?

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, mu da muke kiran nazari caca, mu ne cacar gaske ta fi cinyewa. Wa ya manta ICC Services a nan Benin? An yi wa mutane alƙawarin kuɗinsu zai ninka cikin ɗan lokaci, aka yi ta kai wa, har abin ya rushe a 2010 da dukiyar da aka ƙiyasta ta haura sefa biliyan 100. Sai a ƙarshen 2018 aka fara shari'ar a kotun CRIET a Porto-Novo. A Nijeriya MMM ta daskare a Disamban 2016, CBEX ta kife a Afrilun 2025, kuka iri ɗaya kowane karo. Tambaya ɗaya tak ta mai nazari da ta ceci mutane: wace sana'a kuke yi da ke haifar da wannan riba, ina lissafinku, wa ya bincika shi? Banza ba ta kai zomo kasuwa. Al'ummar da ba ta da masu yin wannan tambaya, kowace shekara goma sai an yi mata aski ba ruwa.

Ku kuma samari, kada ku ɗauka ku kaɗai nake karewa, akwai naku kason. Da yawanku in kun ce kuna son harkar hannun jari, abin da kuke nufi shi ne zama da waya ana kallon layin kore da ja yana hawa yana sauka, ana jiran wani a Telegram ya ce a saya yanzu. Wannan shi ne ya ba dattawa hujja, kuma a kansa suna da gaskiya. Wanda ya sayi abin da bai san mene ne ba, don kawai an ce zai tashi, cinikin biri a sama ya yi. Nazari aiki ne mai gundura. Karatun rahoton shekara ne mai shafi sama da ɗari, da Faransanci ko Ingilishi, har da ƙananan bayanan da ke ƙarshe inda ake ɓoye bashi. Tun 1934 Benjamin Graham da David Dodd suka shimfiɗa ƙa'idar wannan fanni a Amurka, bayan kasuwa ta rushe a 1929 ta tafi da dukiyar masu bin jita-jita, kuma almajirin Graham ne Warren Buffett da kuke liƙa hotonsa. Hotonsa kuke so, karatunsa ne ba ku so.

Akwai kuma masu cewa ba a shiga sai da takardar CFA, wadda sunanta ya yi kama da na sefar aljihunmu amma ba dangi ba ne. Gaskiya takarda ce mai daraja. Jarrabawa ce mai mataki uku, da Ingilishi ake yin ta, ana shawartar mutum ya yi karatun sa'o'i kamar 300 a kowane mataki, kuɗin kowane mataki ya kai dalar Amurka 1,000 ko ya wuce, kuma ba a ba da cikakkiyar shaidar sai an yi aikin sa'o'i 4,000 cikin aƙalla wata 36. Ku lura da wannan sharaɗi na ƙarshe: ita kanta takardar tana neman ka riga ka fara aiki. Saboda haka wanda ya zauna yana cewa sai ya tara kuɗin CFA zai fara, ya ɗora kaya a gaban jaki. Cibiyar tana ba da tallafin rage kuɗi ga marasa hali, a nema. A Nijeriya akwai jarrabawar cibiyar dillalan hannun jari, CIS. A Dakar akwai makarantar CESAG. A nan gida akwai ENEAM da tsangayar tattalin arziki ta Jami'ar Abomey-Calavi. Duk hanyoyi ne. Amma babu wadda za ta maye gurbin rahoton da ka rubuta da hannunka.

Sai masu cewa aikin 'ya'yan manya ne. Ban musa ba, sanayya tana aiki a nan kamar yadda take aiki ko'ina. Ɗan yayan nawa ya kai takardunsa wani ofishi har sau uku, ko mai gadi bai wuce ba, alhali wani abokin karatunsa waya ɗaya aka buga aka ba shi gurbin koyon aiki. Ya yi zafi. Kuma kujerun kaɗan ne: kasuwa ƙarama, kamfanonin dillanci ƙanana, wasu ma mutum ɗaya ne ke nazari yana kuma neman masu saye. Ko a Turai aikin ya tsuke tun da dokar MiFID II ta fara aiki a Janairun 2018, ta tilasta a raba kuɗin nazari da kuɗin dillanci. Duk wanda ya ce muku hanya shimfiɗe take, yaudararku yake.

Sai dai wannan sana'a tana da wata ƙofa da sauran ba su da ita. Likita ba zai yi tiyata a ɗakinsa don ya nuna gwaninta ba, lauya ba zai tsaya gaban alƙali ba lasisi ba. Mai nazari kuwa zai iya yin aikin gaba ɗaya kafin a ɗauke shi. BRVM tana wallafa farashin kowace rana da lissafin kamfanoni kyauta a shafinta, kasuwar Legas ma haka. Da kwamfuta da Excel da haƙuri, yaro zai iya fitar da rahoton da za a ajiye kusa da na ma'aikaci a gwada. Ɗan minista yana da wanda zai buga masa waya, amma in aka ce ya bayyana dalilin da ribar kamfanin manja ta faɗi, wayar ba za ta amsa masa ba.

A nan ne nake so mu ga arzikin da muke zaune a kansa ba mu sani ba. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakokinta a Agustan 2019 har zuwa Disamban 2020, su wa suka fara sanin shinkafa ta tsaya a Sèmè-Kraké, rumbuna sun cika, masu bashin banki sun fara ɓuya? Mu ne. Ranar 29 ga Mayu 2023 da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare, kafin wata jarida ta yi lissafi masu sayar da kpayo a bakin titi sun canza farashi, 'yan zem sun ƙara kuɗi, kuma duk mai hankali ya san gidajen mai na hukuma za su samu masu sayen da da ba sa zuwa. A watan Yunin 2023 aka saki naira, farashin hukuma ya tashi daga wajen 460 a dala ɗaya zuwa sama da 700, kafin ya haura 1,400 a farkon 2024. Kamfanin MTN na Nijeriya, duk da cinikinsa ya ƙaru, ya rufe 2023 da asarar naira biliyan 137, saboda da naira yake karɓa amma da dala ake binsa. 'Yan canjinmu na Jonquet da Dantokpa sun daɗe suna ganin tazarar da ke tsakanin farashin hukuma da na kasuwa, sun san ba za ta ɗore ba. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yuli 2023, gadar Malanville da Gaya ta rufe, kayan Nijar suka koma bi ta Lome. Direbobinmu da masu fiton kayanmu sun san mota nawa ta tsaya, wane ɗan kasuwa ya kasa biya, tun kafin abin ya bayyana a lissafin wani banki.

Wannan sani shi ake biyan kuɗi a samu. Manyan kamfanonin zuba jari na duniya suna ɗaukar mutane su zaga kasuwanni su tambayi dillalai me ke tafiya, me ya tsaya. Mu a wurin shan shayi muke zubar da shi kyauta. Yaron Zongo yana jin Hausa, yana jin Faransanci, da yawa suna jin Fon ko Dendi ko Yarbanci, Legas kuma tana nan kusa da za a goge Ingilishi. Yana tsaye da ƙafa ɗaya a ƙasar sefa, wadda ke ɗaure da yuro a kan 655.957, ɗaya ƙafar a ƙasar naira da ke yawo. Mutum nawa ne a Abijan suka fahimci Legas, mutum nawa a Legas suka iya karanta lissafin SYSCOHADA? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, mu kuwa ɗakuna biyu muke kwana. Abin da ya rage a koya masa yadda zai mai da labarin bakin kasuwa ya zama lamba a takarda. Sharaɗi ɗaya ne: labarin kasuwa da kowa zai iya tambaya halal ne, amma sirrin cikin kamfani da ba a bayyana ba, ciniki da shi laifi ne a doka, kuma hukumar AMF-UMOA tana hukunta shi.

To ga abin da zan gaya wa ɗan yayata, da duk mai irin burinsa. Ka fara da lissafi, ka iya shi har ka gane yadda riba da asara, kadara da bashi, da shige da ficen tsabar kuɗi suke haɗuwa da juna. Ka san SYSCOHADA, ka san IFRS da kamfanonin kasuwa suke amfani da shi. Ka zaɓi fanni ɗaya, kada ka yi tsalle-tsalle: in sadarwa ce, ka ɗauki Sonatel da Orange Côte d'Ivoire da Onatel ka jera su da MTN na Nijeriya, in abinci ne, ka ɗauki Palmci da Sucrivoire ka gwada su da Dangote Sugar da BUA Foods. Ka shigar da lissafin shekara biyar da hannunka, ka yi hasashen shekara uku masu zuwa, ka rubuta dalilin kowace lamba. Ka fita ka tambayi masu sayar da kati da masu sarin manja. Sannan ka rubuta shafi huɗu, kada su wuce haka: ra'ayinka a layin farko, hujjoji uku, da abin da zai iya sa ka yi kuskure. Ka sa kwanan wata. Bayan wata shida ka dawo ka rubuta inda ka dace da inda ka kauce, ba tare da kare kai ba. Wannan takarda ita za ka kai wa kamfanonin dillanci na nan Kwatano irin su SGI-Bénin da Africabourse da AGI, ka aika Abijan da Dakar da Legas. In ba a samu kujerar nazari kai tsaye ba, a shiga ta ofishin binciken lissafi ko sashen tantance bashi, da yawa ta nan suka bi. In kana da ɗan abin hannu, ka buɗe asusu ka sayi hannu biyu ko uku na kamfanin da ka nazarta, don wanda kuɗinsa ke ciki karatunsa daban ne.

Ka kuma riƙe amana, don nan ne sana'ar take mutuwa. Kamfanin Enron na Amurka yana dab da rushewa a ƙarshen 2001, manazarta da yawa suna nan suna cewa a saya. A 2003 manyan bankuna goma suka amince su biya kusan dala biliyan 1.4 saboda manazartansu suna yabon kamfanoni a fili don bankin ya samu kwangila, alhali a ɓoye sun san kayan banza ne. Dillalin da ya yabi rago mai ciwo don la'ada, kasuwa ɗaya zai ci. Ranar da maigidanka ya ce ka sassauta ra'ayinka don kamfanin abokin cinikinsu ne, ranar ce jarrabawarka ta gaske, ba ta CFA ba.

Maganata ta ƙarshe ga iyayenmu alhazai ce, cikin ladabi. Ranku ya daɗe, kuna kashe miliyoyi a bikin aure na kwana uku, kuna ba yaro jarin gwanjo ko ku haɗa shi da fiton motoci 'yan Kwatano, duk alheri ne, Allah ya saka. Amma kun ga da idonku yadda sa hannu ɗaya a Abuja ko a Yamai yake tsayar da wannan ciniki cak na shekara guda. Dukiyar gida nawa ta watse bayan rasuwar mai ita, saboda lissafin duk a kansa yake, ba wanda ya iya karanta shi? Kuɗin kwamfuta ɗaya da jarrabawa ɗaya bai kai kuɗin kayan lefe ba. Ku ware yaro ɗaya a cikin goma, mace ko namiji, ku ce wannan shi zai koyi karanta lissafin kamfanoni. Ko bai taɓa samun aiki a Abijan ba, zai dawo ya duba muku naku littafin, ya gaya muku wane reshe ke ci da wane ke cinye ku, ya kuma tsaya tsakaninku da mai zuwa da alƙawarin ninka kuɗi.

Jiya na kira ɗan yayan nawa na ba shi haƙuri kan shirun da na yi. Ya ce, "Haba Kawu, ba komai." Na ce da komai. Na ba shi tsohuwar kwamfutata, na ce ya ɗauki kamfanin manja, nan da wata biyu ina son shafi huɗu. Na kuma roƙi Baba Alhaji alfarma ɗaya, cewa in rahoton ya fito a bar yaron ya karanta shi da Hausa a majalisar nan da aka yi masa dariya, a gaban masu sarin manja, su yi masa tambayoyi su kama shi in ya yi kuskure. Dattijon ya yi murmushi ya ce, "To, sai an gwada akan san na ƙwarai."

Allah ya sa mu dace, ya yi wa zuri'armu albarka. Wassalam.